Bashin motar tafi-da-gidanka a Amurka: abin da ya same ni kada ya sami wani

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara wa jaridar nan tamu albarka. Ni mai karatunku ne daga garin Columbus na jihar Ohio a nan Amurka, asalina mutumin Funtuwa ne, tuƙin tirela nake yi a nan shekara da shekaru. Dan Allah ina roƙon ɗan fili, maganar tana da tsayi amma a yi min haƙuri don ta daɗe tana cina a rai.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan rubutu, ranar Juma'ar da ta wuce bayan an idar da sallah wani yaro ɗan wajenmu, bai fi shekara biyu da ɗauko iyalinsa ba, ya ja ni gefe a wajen fakin ya zaro wata takardar bashin sayen motar tafi-da-gidanka daga aljihu yana ta murna, yace Kawu duba min nan, dala 540 ce kacal a wata. Na karɓa na duba, wallahi sai da gabana ya faɗi, don irin takardar da na sa wa hannu ce a 2021, kusan komai iri ɗaya. Bashin dala 60,000, kuɗin ruwa 9 cikin 100, wata 240. Nace masa ciro wayarka ka buga 540 sau 240. Ya buga, ya ga 129,600, ya yi shiru yana kallon wayar, can yace Kawu ai ni ba su faɗa min haka ba. Nace sun faɗa maka, ga shi nan a rubuce a cikin akwatin da ke saman takardar, sai dai ba nan suka nuna maka da yatsa ba.

Bari in ɗan yi bayani saboda 'yan uwa na gida, duk da na san da yawa sun sha ganinta a bidiyon TikTok da Facebook, har ana turo min ana cewa Alhaji wai da gaske ne akwai irin wannan. Mota ce da aka gina ɗaki a jikinta, a nan RV suke ce mata, ni kuma motar tafi-da-gidanka nake kiranta don sunan ya fi dacewa da ita fiye da wayar salula ma. A ciki akwai gado, kicin da murhun gas, firij, banɗaki da wurin wanka, tankin ruwa, wasu har da janareto. Akwai manya kamar bas ɗin Makka, akwai matsakaita masu gado a saman kan direba, irin wadda na saya kenan, akwai ƙanana kamar hayis, sannan akwai waɗanda ba su da inji sai dai a ɗaura a bayan a-kori-kura a ja. Turawa suna sayenta ne don yawon hutu, su je daji ko bakin tafki su kwana biyu su dawo, wasu tsofaffin da suka yi ritaya kuma su tattara su koma cikinta gaba ɗaya, lokacin sanyi su gangara kudu irin su Florida da Arizona.

Yawancinsu a wuri ɗaya ake ƙera su, yankin Elkhart a arewacin jihar Indiana, wajen kashi 80 cikin 100 na waɗanda ake yi a ƙasar daga nan suke fitowa, can manyan kamfanoni irin su Thor da Forest River suke. Hanyata ce, na bi ta wurin da kaya ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, ta babban titin da ya nufi Chicago, za ka ga filaye cike da su farare tas an jera kamar shanu a kara. Duk lokacin da na wuce sai raina ya biya. Kuma gaskiya ba burga ce ta ja ni ba tun farko, dalilina mai kyau ne a ganina. Duk wanda ya taɓa tafiya mai nisa da iyali a ƙasar nan ya san wahalar, abincin halal sai an sha nema, wurin sallah sai dai gefen gidan mai mutane na kallonku, otal kuma in yaranka sun fara girma maza da mata sai ka kama ɗaki biyu, uwargida ba ta sakewa. Nace in muna da tamu shikenan, ta dafa mana tuwonmu a ciki, mu yi alwala da butarmu, mu shimfiɗa darduma inda muka ga dama, yaran nan su ga ƙasar da aka haife su a cikinta ba kullum makaranta da gida da kallon waya ba.

Ga kuma lokacin. 2021 ana tsakiyar korona, mutane na tsoron jirgi da otal, kowa ya ruga sayen motocin nan, a shekarar kaɗai kamfanoni sun fitar da sama da 600,000, ba a taɓa yin haka ba a tarihinsu. Kuɗin ruwan babban bankin ƙasar yana kusa da sifili, aikin tirela kuma yana ci sosai a lokacin, kaya sun yi yawa direbobi sun yi kaɗan, aljihu da ɗan nauyi. In ka je wajen dila sai yace maka wannan ita kaɗai ta rage, akwai wanda zai zo da yamma, kuma ba lallai ƙarya yake ba a wancan lokacin.

Ranar wata Asabar a watan Mayu muka je da niyyar kallo kawai. Kafin in gama gaisawa da mai sayarwar, yara sun riga sun haye gadon sama suna rigimar wa zai kwana a can, uwargida tana buɗe durowoyin kicin tana rufewa tana cewa Alhaji kaga har wurin ajiye tukwane. Mutumin bai tambaye ni nawa nake da shi ba, bai kuma tsaya kan farashi ba, tambaya ɗaya ya yi min cikin fara'a, nawa za ka iya biya a wata ba tare da ka takura ba? Toh Malam Edita a nan aka kama ni, kuma a nan ake kama kowa. Da na buɗe baki nace kamar 700, daga nan ciniki ya tashi daga kan kuɗin mota ya koma kan wata. Farashinta dala 76,000, na ba da kafin alƙalami 8,000, saura 68,000. Sai aka shiga da ni wani ɗan ofis a ciki, wajen mai harkar bashi, shi kuma ya fara jero min kaya, ƙarin garanti na shekaru, inshorar cike giɓi in mota ta yi hatsari, maganin fenti, maganin kujeru, kariyar taya, kowanne sai yace ai wannan dala kaza ce kawai a wata, ba za ka ma ji ba. Da su da sauran kuɗin takardu aka tara 7,000 aka ɗora a kan bashin. Ya zama 75,000, ruwa 8 cikin 100, shekara 15, wato wata 180, duk wata dala 717. Har yace in ina so a mayar shekara 20 sai ta sauko 627, Allah ya taimake ni ban yarda da wannan ba, da jimillar ta haura 150,000, ninki biyu cif. A hakan ma abin da na amince zan biya ya kai 129,000. Ina da shekara 47 a ranar, da sai na kai 62 zan gama.

Ba zan ce an ɓoye min ba, don akwai dokar tarayya tun 1968 da ta tilasta wa mai ba da bashi ya rubuta maka adadin ruwa na shekara da jimillar abin da za ka biya a fili. Yana nan a rubuce. Amma takardun sun yi shafi talatin ko fiye, a kan allon kwamfuta ake nuna maka, danna nan, sa hannu nan, yara suna waje suna leƙowa ta gilashi, la'asar na neman wucewa. Wani abu kuma da ban sani ba sai daga baya, dila ba shi ke ba da bashin ba, shi dillali ne tsakaninka da banki, bankin zai iya ce masa mun yarda a kan ruwa kaza, shi kuma ya ƙara wani abu a kai ya gaya maka, bambancin ya zama ladansa. Kuma da yawanmu muna zaton a Amurka duk abin da ka saya kana da kwana uku ka fasa, toh wannan dokar ba ta shafi motar da ka je ka saya a shagon dila ba, ka sa hannu ka fita da ita ta zama taka.

Zan faɗi gaskiya, mun ji daɗinta, kuma ba zan ci amanar wannan daɗin ba. Tafiyarmu ta farko duwatsun Smoky muka je a jihar Tennessee. Na tuna da asuba na fito, hazo ya rufe duwatsu, sanyi-sanyi, ƙaramar 'yata ta riƙo min buta, muka yi jam'i ni da yaran a kan ciyawa, uwargida ta dama koko ta soya ƙosai a ciki ƙamshi ya cika wurin, har wata tsohuwar Baturiya da ke maƙwabtaka da mu ta zo tambayar me ake soyawa, aka zuba mata a faranti ta tafi da shi tana godiya. A ranar na ji kamar duk abin da na biya ya halatta. Mun je Niagara, mun je bakin tafkin Michigan. Na ɗora hotuna a Facebook, kuma yau ina jin nauyin hotunan nan, don na san akwai waɗanda suka gani ransu ya biya, ba su ga takardar da ke zuwa duk wata ba.

Takardar farko da ta zo ita ta fara buɗe min ido. A cikin 717 da na biya, 500 cif kuɗin ruwa ne, 217 ne kawai ya taɓa uwar kuɗi. Na zaci kuskure ne na buga musu waya, matar tace a'a haka lissafin yake, ruwa ana ɗora shi ne a kan abin da ya rage, tunda abin da ya rage yana da yawa a farko toh ruwan ne ke cinye mafi yawa, sai can ƙarshen shekaru abin ke juyawa. Kaga kenan shekarun farko banki kake wa aiki, kuma daidai shekarun nan ne motar ta fi zubar da daraja. Gida in ka saya da bashi galibi yana riƙe kuɗinsa ko ya ƙaru, ita kuwa wannan tana fita daga get ɗin dila ta zama ta hannu, kuma ba ƙarfe ba ce zalla kamar mota, akwatin katako ne da roba da gam aka ɗora a kan taya, duk tafiyar da ka yi girgiza shi kake. Bashi irin na gida, kaya kuma irin na gwanjo.

Sai hidimomin da ba wanda ya lissafa min. Unguwarmu tana da ƙungiyar masu gidaje, dokarsu ba a ajiye irin wannan mota a ƙofar gida, sai da na kama hayar fili a bayan gari dala 120 duk wata. Inshora wajen 1,300 a shekara. Sansanin da za ka kwana da ita a ba ka wuta da ruwa shi ma biya ne, mun sha biyan 50 zuwa 70 a dare, wato kana da gadonka amma kana biyan kuɗin kwana. Tankin banɗaki kai za ka zubar da hannunka, ka sa safar roba ka ɗaura tiyo ka ja marfi, mu kuma da muke amfani da ruwa wajen tsarki da alwala sau biyar mutum shida, tankin da Bature zai yi kwana huɗu da shi mu kwana biyu ya cika. Sanyin Ohio kuma ba a wasa da shi, daga Nuwamba sai ka tsiyaye duk ruwan da ke cikin bututu ka zuba maganin hana daskarewa, in ka yi sakaci ƙanƙara ta fasa su, daga nan motar na zaune har wajen Afrilu, kusan rabin shekara tana barci a ƙarƙashin tamfol, amma 717 ba ta barci.

Mai kuwa kada a yi magana. Galan ɗaya mil 9 yake kai ni in an yi sa'a, tankinta galan 55. A watan Yunin 2022 da galan ya haura dala 5 a ƙasar, cika tanki sau ɗaya 275 ne. Shekarar muka shirya zuwa gandun shaƙatawa na Yellowstone, yara sun yi wata da watanni suna ƙirga kwanaki, na zauna na buga lissafin mai zuwa da dawowa ya doshi dala 2,000, ina cikin tunanin yadda zan gaya musu sai ga labarin ambaliya ta sa an rufe wurin a tsakiyar watan. Na ce musu ruwa ne ya hana mu, gaskiya ne, amma ni na san ko ba ruwan ba za mu je ba.

A damina ta biyu rufin ya fara yoyo ta wajen gadon sama, ban lura ba sai da katakon ya yi laushi ya fara wari. Garantin kamfani na shekara ɗaya ya ƙare, ƙarin garantin da na saya kuma da na je sai aka nuna min layin da ya ce ba ruwansu da ɓarnar ruwa, wai hakkina ne in riƙa hawa sama ina duba gam ɗin rufi. Ba zan kama sunan kowa ba, ni dai abin da na gani nake faɗa. Ta yi sati bakwai a gareji ana jiran kaya, daidai lokacin hutun yara, na biya gyara daga aljihuna. Dokar da ke kare wanda ya sayi sabuwar mota mai matsala, a jihohi da yawa ba ta rufe ɓangaren ɗakin ba, sai dai inji da abin da ya shafi tuƙi.

Daga nan kasuwa ta juya. Babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa a Maris 2022, kafin Yulin 2023 ya kai tsakanin 5.25 da 5.5, masu saye suka ja baya, waɗanda suka saya lokacin korona irina kowa ya fito da tasa kasuwa. A 2023 abin da kamfanoni suka fitar ya faɗo wajen 313,000, kusan rabin na 2021. Mutanen Elkhart sun san wannan rawar, a 2009 rashin aikin yi a yankin ya kusa kai mutum ɗaya cikin biyar, har Obama ya je garin a watan Fabrairun shekarar yana sabon hawa mulki, don duk lokacin da aljihu ya yi zafi abin da mutane ke fara dainawa kenan, sayen kayan hutu. Aikinmu na tirela shi ma ya yi sanyi, kuɗin ɗaukar kaya ya faɗi. A tsakiyar 2024 nace toh bari in rabu da ita in huta.

A nan ne na gane tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Na biya wata 36, jimilla dala 25,800, na tambayi banki saura nawa, suka ce 66,200. Wato duk abin da na zuba, 8,800 ne kawai ya rage bashin, 17,000 ruwa ya sha. Na kai ta kasuwa, wanda ya fi kowa tayi 48,000 ya ba ni. Takardar mallaka kuma tana da sunan banki a kai, ba za su sake ta ba sai an biya su cif. Kenan don in rabu da motar sai na ciko 18,000 daga aljihuna, ban da mota, ban da kuɗi. Wani ya ba ni shawara wai in kai musu makulli kawai in yi tafiyata, Allah ya sa na bincika, in ka yi haka gwanjonta za su yi a kan ko nawa ne, su biyo ka da ragowar har kotu, su kuma lalata maka makin kiredit, wato makin da ake auna amanarka wajen biyan bashi da shi, na shekara bakwai, a ƙasar nan kuwa in makinka ya lalace ko hayar gida sai ta gagare ka.

Da kuɗin adashinmu na 'yan gida na cike, sai rancen da wasu 'yan uwa biyu suka ba ni ba ruwa ba takarda, Allah ya saka musu da alheri. Ginin da nake yi a Funtuwa yana nan a linta tun lokacin, damina biyu ta bi ta kansa. Hajiyarmu in mun yi waya ba ta taɓa tambayata ba, sai dai tace Allah ya rufa asiri, kuma wannan shirun nata ya fi min zafi fiye da a ce faɗa ta yi. Rannan na zauna da uwargida muka ƙirga daren da muka kwana a cikin motar a shekara ukun, ta hotunan waya muka bi, dare 40 ne. Kafin alƙalami, biyan wata-wata, cikon sayarwa, hayar fili da inshora, sun kama wajen dala 60,000, ban sa mai da gyara ba. Kowane dare ya tashi a kan 1,500.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗin damuna, shi ne riba. Na sani sarai, tun muna makarantar allo muke jin Allah ya halatta ciniki ya haramta riba, yana nan a Baƙara. Mu da ke zaune a ƙasashen nan mun saba fakewa da lalura, kuma gaskiya ne akwai malaman da suka yi sassauci a kan gidan da mutum zai zauna da iyalinsa in babu wata hanya, wasu kuma ba su yarda ba. Amma motar yawon hutu fa? Wace lalura ce? Da na je wa limaminmu da maganar bayan komai ya faru bai yi min faɗa ba, tambayata kawai ya yi, da ba ka saya ba wa zai kwana a waje? Ban sami amsa ba. Ban ma nemi wata hanya ba a lokacin, alhali akwai cibiyoyin Musulunci a nan, Guidance Residential suna harkar gidaje, akwai UIF a Michigan, akwai kuma tsarin murabaha da mutanen gida suka sani ta bankuna irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ, inda banki zai sayi kayan ya sayar maka da ribar da kuka yi yarjejeniya a kai, farashi ya tsaya cak. Sai dai ina so a fahimce ni da kyau, murabaha tana fitar da kai daga haram amma ba ta hana mota tsufa, ko ta halal ka saya in ka ɗauki shekara 15 a kan abin da ke zubar da daraja za ka wayi gari bashin ya fi kayan.

Ƙanena a gida ya karɓi a-daidaita-sahu a kan biya kaɗan-kaɗan, an ɗora masa kuɗi sosai sama da farashin kuɗi hannu, na yi ta masa faɗa a waya wai an cuce shi. Yau na janye. Shi kullum ya fita sai ya dawo da balas da na cefane, keken da kansa yake biyan kuɗin kansa, cikin ƙasa da shekara biyu ya mallake shi. Ni mai wa'azin, tawa ba ta taɓa kawo min ko sisi ba. Na so in riƙa ba da ita haya ta manhajoji irin su Outdoorsy da RVshare, mutane suna yi, amma sai ka duba ko yarjejeniyar bashinka da inshorarka sun yarda, kuma uwargida tace ita ba za ta iya a riƙa shan giya da soya naman alade a kicin ɗin da take dafa wa 'ya'yanta abinci ba, na ga gaskiyarta.

Wani abin da ake ruɗar mutane da shi, za a ce maka ai gwamnati tana ɗaukarta a matsayin gida na biyu tunda tana da wurin kwana da girki da banɗaki, za ka cire kuɗin ruwan daga haraji. Dokar tana nan, amma sai in kana cikin masu jero abubuwan da suka kashe ɗaya bayan ɗaya a takardar haraji, kuma tun gyaran dokar 2017 mafi yawan mutane rangwamen bai-ɗaya suke ɗauka don ya fi musu. Ni ko dala ɗaya ban amfana ba.

Ban ce kada kowa ya saya ba fa Malam Edita. Na san wani dattijo ɗan Ghana a nan, Bahaushen zango, ya sayi tsohuwa 'yar shekara goma irin ta ja, kuɗi hannu, ya kira mai duba mota mai zaman kansa ya hau rufi ya bi ko'ina da na'urar gano danshi kafin ya biya, yana da fili a bayan gidansa, yana da hannun gyara, kusan duk ƙarshen mako yana bakin ruwa da jikokinsa. Shi kam ta yi masa rana. Abin da na gaya wa yaron nan a wajen fakin shi ne ya fara ɗaukar haya tukun, kamfanoni irin su Cruise America suna bayarwa, ya yi sati guda da iyalinsa, ya zubar da tankin nan da hannunsa, ya sha mai da kuɗinsa, ya ga ko shekara mai zuwa ma ransa zai so. In har ya nace sai ya saya, ya tara ya sayi ta hannu daidai ƙarfinsa, yanzu ma kasuwar ta masu saye ce. In an tambaye shi nawa zai iya a wata kada ya amsa, ya ce a gaya masa farashin fita da ita gaba ɗaya a rubuce, ya tafi da takardar gida ya kwana da ita, ya nuna wa matarsa da wanda ya san lissafi, ya kuma tambayi nawa za a saye ta in ya so sayarwa bayan shekara uku, don tambayar da ban yi ba kenan.

Roƙona gare ku shi ne ku buɗe mana fili a jaridar nan, ko sau ɗaya a wata, ku gayyato malaman fiƙihu da masu ilimin lissafin kuɗi su riƙa warware mana irin waɗannan takardu da Hausa, yadda ake lissafin ruwa, bambancin murabaha da ijara da bashin banki, abin da ke faruwa in mutum ya kasa biya. Yaranmu suna ta fitowa Amurka da Kanada da Ingila, ba a daɗe ba ake fara turo musu tayin katin bashi ta akwatin gidan waya, kuma kunya ba ta barin wanda ya ƙone ya faɗa.

Yaron ya kira ni daren jiya, yace Kawu na mayar musu da takardar, sun bugo min sau uku har sun rage dala 2,000 ban ɗauka ba, na kama ta haya ta kwana biyar lokacin hutun makaranta. Yace ko zan zo in nuna masa yadda ake juya ta da baya da yadda ake ɗaura tiyon, nace in sha Allahu zan zo, yarana ma sun ce sai an tafi da su.

Na gode da wannan fili, Allah ya bar zumunci, a gaida ma'aikata baki ɗaya.

Naku,
Mai karatunku, direban tirela daga Columbus, jihar Ohio, Amurka.